Kowa Ya Tuna Bara: Tarken Wasannin Bidiyo Masu Zurfi na Farko

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana ya dace da irin hirar da ake yi a kan wasannin bidiyo na tsakanin shekarar 1993 zuwa 1999, wato lokacin da hoton wasa ya tashi daga shimfiɗe ya sami zurfi. Duk inda waɗanda suka yi ƙuruciya a wancan zamani suka haɗu, da zarar an ambaci PlayStation ko Nintendo 64 sai fuskoki su washe, kowa na ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa ba da labarin ranar da ya fara ganinsu. Mu ma muna cikin masu wannan bege. Sai dai bege daban, tarke daban. Manufar wannan maƙala ita ce mu ɗora waɗannan wasanni a kan ma'aunin da muke ɗora ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, mu dubi zubinsu da jigonsu da salonsu, domin mu gane ko abin da muke kewa yana cikin faifan, ko kuwa yana cikin ƙuruciyar da ta wuce.

Wataƙila wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan mujallar Hausa da wasannin da aka ƙera a Japan da Ingila? Amsar ita ce, da yawa daga cikin masu rubuta mana gajerun labarai a yau sun san Mario da Lara Croft kafin su san Alhaji Imam na Ruwan Bagaja. Abin da ya reni tunanin marubuci kuwa ya cancanci a yi nazarinsa, ko da ba a littafi ya zo ba.

Daga Shimfiɗe Zuwa Zurfi

Kafin wannan zamani, a wasanni da yawa tauraron wasa yana da hanya biyu ne kurum, ko ya yi dama ko ya yi hagu, in ya ƙware ya yi tsalle. Hoton yana da tsawo da faɗi, amma ba shi da ciki. Abin da ya sauya shi ne masu ƙira sun fara gina mutane da gidaje da duwatsu da ƙananan siffofi na alwatika, a harhaɗa su, a shafa musu launi, sannan na'ura ta riƙa lissafa yadda za su bayyana daga kowace kusurwa aka dube su. Star Fox na kamfanin Nintendo ya gwada haka a 1993, da taimakon wani ɗan guntun inji da aka dasa a cikin kaset ɗin wasan. A wannan shekara kuma Yu Suzuki na kamfanin Sega ya fito da Virtua Fighter, inda 'yan dambe suka bayyana kamar an sassaƙe su da gizago ba a goge ba. A watan Nuwamba na 1994 Sega ya fitar da na'urar Saturn a Japan, ranar 3 ga Disamba Sony ya biyo da PlayStation, sai Nintendo 64 a watan Yuni na 1996.

Ya kamata mu faɗi gaskiya tun daga nan: hotunan ba su da kyau. Na'urar PlayStation ba ta iya daidaita zanen da aka shafa wa bango da nisan mai kallo, shi ya sa bango ke lanƙwashewa, ƙasa na rawa kamar an shimfiɗa tabarma a kan ruwa. Ita kuwa Nintendo 64 ta magance rawar, amma wurin da take ajiye zane bai wuce kilobait 4 ba, don haka komai ya fito dishi-dishi kamar an shafe shi da man shanu. Idan aka jera hoton Super Mario World na 1990 da na yawancin wasannin 1995, mai ido zai zaɓi na farkon. Ke nan ba kyan hoto ne ya ɗauke mana hankali ba. To mene ne?

Super Mario 64 da Koyon Tatata

A ganinmu amsar tana cikin mintuna goman farko na Super Mario 64, wanda Shigeru Miyamoto ya jagoranci ƙera shi, ya kuma fito a 1996. Labarin wasan bai taka kara ya karya ba. Gimbiya Peach ta gayyaci Mario cin waina, ya zo ya tarar dodo Bowser ya tsare ta, sai ya tattara taurari ya kuɓutar da ita. Taurarin 120 ne, amma 70 sun isa a kai ƙarshe. Ko a dandalin tatsuniya wannan jigo tsohon yayi ne. Gwanintar tana cikin zubi.

Da wasan ya buɗe, sai a ajiye Mario a harabar fada. Babu abokin gaba, babu agogo mai ƙirga lokaci, babu wanda ke korar ka. Akwai ciyawa da itatuwa da gada da ruwa. An miƙa wa mai wasa wani abin riƙo mai 'yar sanda a tsakiya, wadda in ka tura ta kaɗan Mario ya yi sanɗa, in ka danna ta ƙwarai ya sheƙa da gudu. Wanda duk ya riƙe wannan abu karon farko ya san abin da ya biyo baya: ka nufi ƙofa ka ci karo da bango, ka hau gada ka faɗa ruwa, ka yi ta zagaye wuri ɗaya kamar ɗan akuyar da aka ɗaure a turke. Sannu a hankali yatsa ya gane, ido ya gane, sai ga ka a kan bishiya. Wannan fili ba ado ba ne, makaranta ce, kuma malamin bai cika magana ba. Mun daɗe muna gaya wa ɗalibanmu masu rubuta wasan kwaikwayo cewa abin da aiki zai nuna kada a bar wa baki ya faɗa. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan haraba.

Daɗin daɗawa, masu ƙirar sun fuskanci wata matsala da marubuci ya sani sarai, wato ta wace kusurwa za a ba da labari. A hoto shimfiɗaɗɗe tambayar ba ta taso ba. Amma da zurfi ya zo, dole a yanke shawarar inda idon mai kallo zai tsaya. Dabarar da suka yi ita ce suka mai da idon ya zama ɗan wasa: wata halitta mai suna Lakitu, tana bisa gajimare, tana bin Mario da kyamara rataye a sandar kamun kifi. Akwai ma wani ɗaki mai madubi a cikin fadar inda mai wasa zai hango wannan mai ɗaukar hoto yana shawagi a bayansa. Wannan ya yi kama da mawallafin da ya fito fili ya ce wa mai karatu ga ni nan, ni ke nuna maka. Sai dai kuma a nan ne raunin wasan yake. Lakitu yakan maƙale a bayan bango, ko ya ƙi juyawa daidai lokacin da Mario ke kan siririyar hanya a bakin rami. Masu bege sun manta yawan faɗuwar da suka yi ba da laifinsu ba. Sai a 1998, cikin The Legend of Zelda: Ocarina of Time, kamfanin ya samo dabarar kafe ido a kan abokin gaba da maɓalli guda, kuma har yau masu ƙira na cin gajiyarta.

Ke nan abin da muka ɗanɗana a lokacin daɗin koyon tatata ne, muna da wayonmu. Shi kuwa tatata sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da zurfi a wayar mahaifiyarsa ba zai ji abin da muka ji a harabar nan ba, kuma babu laifinsa. Amma zai iya ganin kyan tsarin, domin tsarin na nan bai tsufa ba.

Rashi Ya Zama Salo

Wasannin da suka fi burge mai tarke su ne waɗanda suka mai da gazawar na'ura ta zama salo. Resident Evil na Shinji Mikami, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1996, shi ne babban misali. Na'urar ba za ta iya zana ɗakunan katafaren gidan nan da rai ba, sai aka zana su tun da wuri kamar hotunan bango, aka kafe kyamara a ƙayyadaddun kusurwoyi a kowane ɗaki. Sakamakon haka mai wasa yakan ji nishin gawa mai tafiya a gabansa, amma bai gan ta ba, domin kyamarar fuskarsa take kallo. Faifan yana da nawar ɗauko ɗaki na gaba, sai aka rufe jiran da hoton ƙofa tana buɗewa a hankali cikin duhu, mai wasa na zaune zuciya na dukan uku-uku. Hatta ajiye inda aka tsaya sai an sami zaren tawada an kai wa keken rubutu, zaren kuma ƙidayayye ne. Jill tana ɗaukar kaya takwas, Chris shida, saboda haka kowane harsashi da kowane mabuɗi sai an yi shawara da zuci. Tsoron da wasan ke haifarwa daga wannan ƙunci yake fitowa. Ta fuskar harshe kam, ba a cewa komai: maganganun 'yan wasan na Ingilishi sun yi muni har sun koma abin dariya.

Silent Hill na kamfanin Konami, a 1999, ya bi wannan sawu. Tun da na'urar ba ta iya nuna abin da ke nesa, sai aka lulluɓe garin da hazo, aka ba tauraron rediyo mai ƙara idan dodo ya kusato. A shekarar nan kuma aka fitar da wasan Superman a Nintendo 64, shi ma da koren hazo don ɓoye irin wannan gazawa, amma ya zama abin ba'a, domin tauraron da aka sani da tashi sama da hangen nesa ba shi da abin yi da hazo. Gazawa iri ɗaya, ɗaya ya yi gini da ita, ɗaya ya yi faci. Wannan shi ne bambancin mawaƙin da amsa-amo ya ƙara wa baitinsa ƙarfi da wanda ya cusa kalma don kawai layi ya ƙare da harafin da ake so.

Metal Gear Solid na Hideo Kojima, a 1998, ya wuce nan, ya jawo na'urar kanta cikin labari. Wani abokin gaba mai suna Psycho Mantis yakan karanta katin ajiyarka ya ambaci wasu wasannin Konami da ka taɓa yi, kuma hanyar da aka fi sani ta cin galabarsa ita ce ka zare wayar abin riƙo ka mai da ita rami na biyu. A wani wurin ana buƙatar lambar kiran wata mai suna Meryl, sai a ce ka duba bayan kwalin faifan. Wanda faifansa na jabu ne, a leda ya zo ba kwali, sai ya yi ta lalube a cikin wasan yana neman kwalin da ba ya nan. Kojima yana da surutu, wani lokaci sai a ajiye abin riƙo a yi ta sauraron huɗuba a kan makaman ƙare-dangi, amma ya fahimci cewa dandalinsa bai tsaya a fuskar talabijin ba.

Tomb Raider: Abin da Bege Ke Rufewa

A nan ne muke ganin tarke ya fi zama dole. Tomb Raider ya fito a 1996 daga kamfanin Core Design da ke garin Derby na Ingila, kuma Toby Gard ne ya zana tauraruwarsa Lara Croft. Ta fuskar zubi muna cikin masu kare shi. An gina kowane kogo da kowane kushewa da murabba'ai masu girma ɗaya, tsallen Lara kuma an auna shi da waɗannan murabba'ai, ta yadda mai haƙuri zai iya lissafa kowane taku kafin ya yi shi. Masu cewa tana juyawa kamar motar tirela sun yi gaskiya, amma wasan bai nemi sauri ba, natsuwa ya nema. Kiɗa kaɗan ne, yawanci sai sautin takunta da na iska. Shi ya sa lokacin da ƙaton dabban nan na zamanin da ya ɓullo daga duhu a wani kwari na ƙasar Peru, ƙasa na girgiza, babu wanda ya gani ya manta. Duhun ma gazawar na'ura ce.

Jigon fa? Wata 'yar masu sarauta daga Ingila ta shiga kaburburan mutanen Peru da Girka da Masar, ta harbe namun dajin da ta tarar, ta kwashe abin da ta ga dama. Sunan wasan ma bai ɓoye sana'ar ba, mai fasa kabari ke nan. Muna yara ba mu tambayi na wane ne kayan ba, mun dai ji daɗin ƙarar da ake yi idan an tsinci wani ɓoyayyen abu. Amma mu da muke karatu da koyarwa a ƙasar da sojojin Ingila suka wawashe fadar Benin a 1897, kuma aka shafe shekaru da dama ana fafutukar a dawo da tagullar da aka kwashe, bai kamata mu wuce wannan jigo da murmushi ba. A kashi na uku, na 1998, har an nuna mazauna wani tsibiri na tekun Fasifik a matsayin masu cin naman mutane, abin harbi kawai. Da aka sake fitar da wasannin uku a 2024, sai da masu haƙƙinsu suka manna gargaɗi a farko cewa akwai siffanta wasu al'ummu ta hanyar da ba ta dace ba. Ba muna cewa a ƙone faifan ba. Muna cewa mai tarke da ya yabi murabba'an Lara ya yi shiru a kan jakarta bai gama aikinsa ba.

Final Fantasy VII na 1997 ya fi shi nauyin jigo nesa ba kusa ba. Kamfanin Square ya bar Nintendo ya koma Sony saboda kaset ba zai ɗauki labarin ba. Super Mario 64 gaba ɗayansa megabait 8 ne, faifai guda kuwa yana ɗaukar kusan 650, wannan wasa kuma faifai uku ya ci. Labarin wani kamfani ne mai suna Shinra da ke zuƙe ruhin ƙasa yana sayar da shi a matsayin makamashi, talakawa na zaune a ƙarƙashin birnin Midgar ba sa ganin rana. Duk wanda ya san halin da yankin Neja Delta ya shiga ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi. Abin mamaki shi ne mutuwar Aerith a ƙarshen faifan farko ta sa mutane kuka, alhali a yawancin wasan hannayenta dunƙule suke kamar curin fura, babu yatsu, babu murya. Abin da hoto ya gaza cikawa zuciyar mai wasa ce ta cika, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ke ƙera wa Dodo fuska da kansa.

Gidan Gem

Yawancin abin da aka rubuta na begen wannan zamani daga Amurka da Turai ya fito, inda yaro ke buɗe kwalin kyauta a falon gidansu. Namu ba haka ya kasance ba. Kaɗan ne suka mallaki na'urar. Sauranmu a gidan gem muka gan ta, shago mai benci da talabijin biyu ko uku, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa abin riƙo. Mun san fargabar jiran tambari na biyu ya fito a baƙin allo, alamar faifai ya karantu. Mun san kifa na'urar a kan bayanta in ta tsufa ta fara gardama. Mun san ihun da ake yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. A irin wannan wuri dogon labari ba shi da kasuwa. Tekken 3 ne ke ci, inda sabon shiga zai ɗauki Eddy Gordo ya yi ta dannan maɓalli barkatai ya kayar da gwani, a tashi da rigima. Sai kuma uwa uba ƙwallon ƙafa na Konami, Winning Eleven, wanda sau da yawa da Japananci yake zuwa, mu haddace wuraren dannawa ba tare da mun karanta harafi ɗaya ba. A cikinsa ne Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax a wancan lokaci kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, ya yi suna a duniya a matsayin ɗaya daga cikin mafiya gudu. Fuskar da aka yi masa ba ta kama da shi ko kaɗan, amma mun yarda shi ne.

Sai dai wannan "mu" da muke ta faɗa tana da iyaka. Gidan gem wurin samari ne. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda a yau suke zaune tare da mu a aji ɗaya, mafi yawansu ba su taka ƙofarsa ba, haka nan yaron ƙauye da wanda ba shi da kuɗin wasa sai leƙe ta taga. Idan muka ce zamaninmu ya fi, yana da kyau mu san mutum nawa ne ke cikin zamanin.

Kasuwar Bege

A 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya bayyana begen gida a matsayin ciwo, irin wanda ke kama mutanen Suwizalan da ke zaune nesa da ƙasarsu. A 2001 kuma Svetlana Boym ta raba bege gida biyu: mai son a sake gina abin da ya rushe daidai yadda yake, da mai tsayawa ya yi tunani a kan rushewar. Kamfanoni sun gane cewa na farkon yana da riba. A 2018 Sony ya fitar da 'yar ƙaramar PlayStation Classic mai wasanni 20 a ciki, masu saye suka yi ta ƙorafi, wani ɓangare saboda an sa wasu wasannin a sigar Turai mai nawa, wani ɓangare kuma, a ganinmu, saboda talabijin na zamani ya tona asirin abin da tsohon talabijin mai ƙaton baya ke rufawa. A 2020 Nintendo ya sake sayar da Super Mario 64 cikin wani kundi, ya kuma sanar cewa zai janye shi daga kasuwa a ƙarshen Maris na 2021, wato a yi maza a saya kafin ƙuruciya ta sake kuɓucewa.

Sabon Tomb Raider na 2024 ya zo da wani maɓalli da ke sauya hoto nan take tsakanin tsohon zane da sabo. Duk wanda ya yi wasan a da, idan ya ga sabon zanen sai ya ce ai haka yake tun asali. Sai ya danna maɓallin, tsohon ya bayyana da kaifin kusurwoyinsa da baƙin sararinsa, ya ga ashe abin da ya riƙe a ka shekaru kusan 30 shi ya ƙera rabinsa. Murabba'an da ke ƙarƙashin zanen biyu kuwa ba a taɓa su ba, kuma tsallen da ya kayar da mutum a 1996 yana nan yana kayar da shi a wuri ɗaya.